Kafin A Ɗaga Bulala



Sharhinmu na yau a kan 'yan firamare ne, yaran nan 'yan shekara 6 zuwa 12 da muke gani kowace safiya a gefen titi, wani da jaka a baya, wani da littafinsa a leda. Kusan kowane aji, a makarantar gwamnati ko ta kuɗi, akwai yaron da an riga an gama da shi. Malam ya ce daƙiƙi ne. A gida a ce ba ya ji. 'Yan ajinsu su laƙaba masa suna. Daga nan sai bulala ta zama ita kaɗai ce ke shiga tsakaninsa da manya. Abin da nake so mu tsaya a kai yau shi ne, da yawa daga cikin yaran nan kansu ƙalau yake. Wani yunwa ce ke cinsa, wani jininsa ne ya yi ƙasa, wani ba ya ganin allo, wani kuma tsoro ne ya cika masa ciki. Ba a tambaye su ba, su kuma ba su san yadda za su faɗa ba.

Mu fara da ciki, tunda Bahaushe ya ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. A da, ko gida bai da komai, akwai ɗumamen tuwon jiya ko kofin koko, sannan a damƙa wa yaro kuɗin tara ya sayi awara ko ɗanwake a bakin makaranta. Yau akwai gidaje masu yawa da tuwon dare ba ya kwana balle a ɗumama, kuɗin tara kuwa sai wanda Allah ya ci da shi. Yaro ya fito tun bakwai da rabi da ruwa kawai a cikinsa. Ku tambayi kowane malamin aji ɗaya ko aji biyu, zai gaya muku cewa daga ƙarfe goma zuwa sha ɗaya ake gane wanda ya karya da wanda bai karya ba. Wanda bai karya ba zai fara hamma, ya kifa kai a kan gwiwa, idonsa na kan allo amma hankalinsa na wajen mai gurasa. A tambaye shi bakwai a tara da biyar, ya yi shiru. Sai a ce ya miƙo hannu.

Kuma yunwar ba ta safiyar nan kaɗai ba ce. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a Najeriya, yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba saboda rashin abinci mai gina jiki. A shiyyar Arewa maso Yamma kuwa 57 ne cikin 100. To, jama'a, waɗancan jarirai da 'yan yaye da aka auna a 2018, su ne suka cika azuzuwan firamare a shekarun nan. Da ramar da suka taso da ita suka shigo aji, kuma da ita ake so su haddace jadawalin lissafi.

Gwamnatoci sun san da wannan. A Kano an ciyar da 'yan firamare tun zamanin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na farko. A Kaduna, lokacin da aka fara ciyarwa a farkon 2016, makarantu sun cika sun batse da yaran da a da ba a ganinsu. Wasu suka yi ta gunaguni wai abinci ne ya kawo su, da sun ci sai su gudu. Ni kuwa abin da na karanta a wannan tururuwa shi ne girman yunwar da ke cikin gidajenmu. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da nata shirin na ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku a kan naira 70 kowane yaro, daga baya aka mai da shi naira 100. A watan Janairun 2024 aka dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi, bayan zargin badaƙala a ma'aikatar jin ƙai. Manya suka yi laifi, aka ɗauke kwanon yara. Ko da an dawo da shi, dole a sake lissafi, domin naira 100 yau ba ta sayen ƙwai guda ɗaya. Kuma ina roƙon a daina ɗaukar ciyarwar nan a matsayin alfarmar da gwamna ke yi in ya ga dama. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta. Wanda ya wajabta wa yaro zaman aji tun safe har azahar, ai ya ɗauki nauyin cikinsa na waɗannan sa'o'i.

Sai cututtuka. A nan akwai wani giɓi da ba mu cika lura da shi ba. Kusan duk kulawar da hukumomin lafiya ke yi wa yara, ga 'yan ƙasa da shekara biyar take tafiya, kuma da dalili, domin su mutuwa ta fi ɗauka. Rigakafi nasu ne, awon nauyi nasu ne. Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana rabawa da damina, daga ɗan wata uku ne zuwa ƙasa da shekara biyar. Ranar da yaro ya cika biyar ya sa kayan makaranta, sai ya fita daga lissafi. A gida ma, in gidan sauro ɗaya ne, uwa da jariri ake ɗaura wa, ɗan firamare ya kwanta a tsakar gida a kan tabarma. Najeriya ita ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya baki ɗaya. Ɗan shekara takwas ba lallai zazzaɓin ya kwantar da shi ba, amma zai riƙa cin jininsa a hankali, ya bar shi da kasala da ciwon kai da fashin makaranta. Annobar mashaƙo da ta ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022 ta tuna mana da wannan giɓi da zafi, domin yara masu shekarun makaranta, waɗanda ba a kammala musu rigakafi suna jarirai ba, suna cikin waɗanda ta fi kamawa.

Bari in ɗan daɗe a kan tsargiya, saboda ita ce cutar da muka fi rainawa. Duk inda akwai ruwan da ke kwance ko mai tafiya a hankali, kududdufi ne, dam ne, ko magudanan noman rani irin na Kadawa da Kura ko na Bakolori, to da wuya a rasa ta. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen su ƙyanƙyashe su shiga jikin dodon koɗi, su girma a can, su fito su huda fatar duk wanda ya shiga wanka ko wanki ko kamun kifi. Su wa suka fi shiga ruwa da rana tsaka in zafi ya yi zafi? 'Yan firamare. Sai yaro ya fara ganin jini a ƙarshen fitsarinsa. A wasu garuruwa abin ya zama ruwan dare har ana ɗauka alamar girma ce ga ɗa namiji, ba wanda ke tada hankali. Alhali jini ne yake zuba kullum daga jikin da ba ya samun abin mai da shi, kuma in aka bari shekaru suka ja, tana lalata mafitsara da ƙoda. 'Ya'ya mata kuma tana taɓa musu mahaifa da al'aura, su kuwa kunya ba ta barinsu su faɗa. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu wannan cuta.

Abin takaicin shi ne maganinta yana nan, kuma kyauta ake kawo shi makarantu. Sunansa praziquantel. Ba a ma bukatar sikeli. Sanda ce mai zane-zane ake jingina yaro da ita, tsayinsa ya nuna ƙwaya nawa zai sha. Tare da shi ake ba da maganin tsutsar ciki. A ƙasar Kenya, a yankin Busia, wasu masana biyu, Michael Kremer da Edward Miguel, sun bi diddigin makarantun da aka raba wa maganin tsutsa, suka tarar fashin makaranta ya ragu da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Amma ga inda muke tuntuɓe. Maganin tsargiya ba a shansa da yunwa. In aka ba yaron da bai karya ba, zai yi jiri, cikinsa ya murɗa, wani ya yi amai. Kafin azahar labari ya zaga unguwa cewa an ba yara wani abu a makaranta sun faɗi. Washegari iyaye su hana 'ya'yansu zuwa. Ba na ganin laifin uban da ya tambayi abin da za a ba ɗansa. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma suna da haƙƙin tambaya. Maganin wannan shakka shi ne a sanar da wuri, a gaya wa mai unguwa da liman, a faɗi sunan magani da aikinsa da abin da yaro zai iya ji, a kuma ce kowa ya tabbatar ɗansa ya ci ya ƙoshi ranar. Inda aka yi haka, da wuya a ji kuka.

Ido da kunne kuwa, su ne suka fi jawo wa yara duka a banza. Ku shiga aji ku duba allon. Sau da yawa siminti ne aka shafa wa baƙin batir, ya koɗe ya yi fari-fari, alli ma fari, taga ɗaya a rufe da kwano. Yaro yana zaune a ƙasa can baya, yana ƙanƙance ido, yana leƙen littafin na kusa da shi. Malam ya ce satar amsa yake yi, alhali abin da ke kan allo yake nema ya kwafa. Irin wannan yaro ba ya cewa ba ya gani, domin bai san yadda sauran ke gani ba, a zatonsa kowa haka duniya take masa. Gwajin ba shi da wuya. Akwai takardar gwajin ido mai harafin E da ke fuskantar ɓangarori daban-daban, a manna ta a bango, yaro ya tsaya mita shida, ya rufe ido ɗaya ya nuna da yatsa inda harafin ya dosa. Ko wanda bai iya karatu ba zai yi. Malami ɗaya zai gwada aji guda a yini ɗaya. Wanda aka ga yana da matsala a dawo da shi layin gaba tun ranar, sannan a sanar da iyayensa su kai shi asibitin ido. Haka yaron da kunnensa ke zubar da ruwa wata da watanni ana toshe masa da auduga. In ka kira shi bai waiwayo ba, kafin ka ce raini ne, zagayo ta gabansa ka yi masa magana ka gani.

Akwai mai sikila, wanda sanyin hunturu ko tsallen kwaɗo ko ƙishirwa ke iya tayar masa da ciwon da zai kwana yana ihu. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa haihuwar masu wannan lalura, don haka da wuya a sami makarantar da babu su. Ya kamata malaminsa ya san da shi tun ranar farko, a bar shi ya sha ruwa ya fita fitsari duk lokacin da ya nema. Akwai mai farfaɗiya, wadda in ta faɗi kowa ke watsewa wai kada yawunta ya taɓa shi. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa. A kawar da abin da zai ji mata ciwo, a juya ta ta kwanta a gefenta, kada a cusa mata cokali a baki, kuma tana da maganin asibiti da ke riƙe ta.

Dattawan da ke sauraronmu za su tuna lokacin da ake jera ɗalibai da safe, malam ya bi layi yana duba farce da haƙora da kai da wuyan riga, duba-gari kuma yana leƙowa makaranta. Abin da ya ɓata wancan tsari shi ne bulalar da ke biye da shi. Amma dubawar kanta alheri ce, domin a nan ake ganin makero da ƙazuwa da ƙwarƙwata da idon da ya yi fari saboda ƙarancin jini. A dawo da dubawar, a ajiye bulalar. Tun 2006 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da manufar kula da lafiya a makarantu, wadda ta tanadi gwajin lafiyar yara, da akwatin taimakon gaggawa, da ruwa, da banɗaki. A takarda ba abin da aka bari. Amma je ka makarantar da ke da ɗalibai dubu biyu ka nemi inda za ka kama ruwa. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, rufin kwano ba silin, ba ko randa a bakin aji. 'Yan mata su ƙi shan ruwa da gangan don kada fitsari ya kama su, tunda bayan aji ne ko kango. Wadda ta fara al'ada a aji biyar ko shida kuwa, kwanakin nan a gida take yinsu, wata daga nan ba ta ƙara komawa.

Yanzu mu zo ga zuciya, wadda ita ce ba a gani.

Na san abin da wasu za su ce, kuma na san da kyakkyawar niyya suke faɗa. Za su ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu ma an doke mu kuma ga mu mun zama mutane. Uba ya kawo ɗansa da hannunsa ya ce, "Malam, ga shi nan, in ya yi a zane shi." Ban ce a bar yaro ba kwaɓa ba. Yaron da ba a hana shi komai an cuce shi. Amma mu faɗi gaskiya a kan abin da ke faruwa a azuzuwa. Ana dukan yaro don ya makara, alhali sai da ya yi layin ruwa ko ya kai niƙa kafin a sake shi. Ana dukansa don bai kawo kuɗin jarrabawa ba, kamar shi ke riƙe da aljihun gidan. Ana dukan bahago sai ya koma rubutu da dama. Ana dukan mai in'ina don ya kasa karanta jimla a tsaye gaban aji, kuma tsoron dukan ne ke ƙara sarƙe masa harshe. Monita ya rubuta sunayen masu surutu, har da wanda ya hana shi alewa, malam ya shigo ya bi su da dorina ba bincike. Wace tarbiyya ce a cikin wannan? Mu da muke cewa an doke mu mun zama mutane, mu tuna da abokan ajinmu da suka gudu daga makaranta saboda wani malami ɗaya, ba su ƙara komawa ba. Su ba a gayyatarsu rediyo su faɗi nasu.

A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tare da UNICEF sun yi bincike a faɗin Najeriya, suka gano cewa yara 6 cikin 10 suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, na duka ko na zagi da wulaƙanci ko na lalata, kuma ƙalilan ne ƙwarai ke samun wani taimako. Mafi yawa daga hannun waɗanda suka sani ne. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da bayyana cewa yaron da ke cikin fargaba, hankalinsa na kan tsira ne, ba ya iya riƙe sabon abu. Kowane malami ya taɓa ganin wannan da idonsa: yaro ya iya karatunsa sarai a waje, da an ɗaga tsumagiya sai komai ya gudu.

Kuma zagi ya fi bulala daɗewa a jiki. "Jaki." "Ba za ka taɓa yin albarka ba." "Kai dai kamar ubanka." Akwai magidanta masu furfura yau da har yanzu ba sa iya buɗe baki a taro saboda dariyar da aka sa aji ya yi musu suna aji uku.

Mu da muke alfahari da addini, ai muna da abin koyi. Malamai sun karantar da mu cewa Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, kuma bai taɓa jin tsawa ko zargi daga gare shi ba. Sun karantar da mu cewa ƙanen Anas yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, tsuntsun ya mutu, yaron ya shiga damuwa, Manzon Allah ya lura da fuskarsa, ya kira shi da alkunya, ya tambaye shi labarin tsuntsunsa. Shugaban al'umma guda, da duk abin da ke kansa, bai ɗauki baƙin cikin ƙaramin yaro a kan tsuntsu a matsayin shirme ba. Mu kuwa yaro zai rasa mahaifiya, bayan sadakar uku a tura shi makaranta, ba wanda zai gaya wa malaminsa, ba wanda zai zaunar da shi. Mukan ce yaro ne, bai san komai ba, zai manta.

Ba ya mantawa. Bakinsa ne ba ya iya faɗa, sai jikinsa ya faɗa. Yarinyar da aka saki uwarta aka bar ta a hannun kishiya, ko aka kai ta riƙo wani gari, za ka ga ta daina wasa, ta koma gefe tana tsotsar yatsa. Yaron da kullum ake faɗa a gidansu, shi ne mai cin zalin ƙanana a filin makaranta. Wani ciwon ciki zai riƙa kama shi kowace safiyar ranar makaranta, ranar hutu kuma garau. Wani ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa, sai a tara masa yaran unguwa su bi shi da waƙar tsokana, a ƙara masa ciwo a kan ciwo. Duk canjin hali na farat ɗaya a wurin yaro saƙo ne. Kuma in yarinya ko yaro ya ce ba ya son a aike shi wajen wane, ko ba ya son zama da wani malami shi kaɗai, don Allah iyaye a saurara, a bincika a hankali. Kada kunyar abin da mutane za su ce ta sa a rufe bakin yaron da ya yi ƙarfin halin magana.

Sannan ga tsoron da zamani ya kawo mana. A watan Mayun 2021 'yan bindiga suka kwashe yaran wata Islamiyya a Tegina ta jihar Neja, wasunsu ƙanana ƙwarai, suka yi kusan wata uku a daji, kuma ba duka suka dawo da rai ba. Ranar 7 ga Maris 2024 aka shiga makarantar Kuriga a ƙaramar hukumar Chikun ta jihar Kaduna, aka kora 'yan firamare da 'yan sakandare cikin daji, bayan fiye da mako biyu aka dawo da 137. Muna ganinsu a talabijin an sa musu sababbin kaya, manya sun yi jawabi, an miƙa su ga iyaye. Daga nan kyamara ta tafi. Wa ke tare da su bayan wata shida, lokacin da ƙarar babur ke sa su shige ƙarƙashin gado? Ban da su, akwai dubban yara a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Borno da aka raba da garuruwansu, sun ga abin da babba ma ba zai iya ɗauka ba, yanzu suna zaune a azuzuwan garuruwan da suka yi gudun hijira, ana ce musu ba sa mai da hankali. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200, asibitocinsu na Arewa kuma suna can irin su Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau. Ba za su kai ga kowane yaro ba. Wanda zai kai gare shi kullum shi ne malamin aji da uwa da kaka. Abin da irin wannan yaro ya fi bukata shi ne babba ɗaya da ya amince da shi, da rana mai tsari wadda ya san abin da zai biyo bayan wani, da damar yin wasa da zane da ba da labari ba tare da an matsa masa ba. Wanda abin ya ƙi sauƙi, ba ya barci, ba ya ci, a haɗa da asibiti, a ci gaba da addu'a. Ɗaya ba ya hana ɗaya.

Wasa ma da muke rainawa magani ne. Ku lissafa ranar ɗan firamare a birni: makarantar allo da asuba, boko har azahar, Islamiyya da la'asar, talla ko aike da magariba, wani kuma a ƙara masa darasin dare. Yaushe zai yi langa, yaushe za ta yi gaɗa ko carafke? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro na bukatar aƙalla sa'a guda ta motsa jiki kowace rana, likitoci kuma sun ce mai waɗannan shekaru na bukatar barcin sa'a 9 zuwa 12. Filayen makarantu da yawa an yanka su an jera shaguna. Dandalin da ake tatsuniya ya koma kowa da waya a hannu. Ilimin addini da na zamani duka wajibi ne, amma a duba jadawalin yaron nan a rage masa wani abu, ko da tallan dare ne.

Ba zan rufe ba sai na yi wa malamai adalci. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. Akwai malamar da ke tsaye gaban yara fiye da 100, albashinta ba ya kai ta tsakiyar wata, ita ma wataƙila ba ta karya ba. Mutum a wannan hali, bulala ce hanya mafi sauri da zai sami shiru. Duk wanda ke son a daina dukan yara, to ya nemi a ɗauki malamai, a biya su a kan kari, a koya musu yadda ake riƙe babban aji ba da duka ba. Hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi, wato SUBEB, su ne da wannan alhaki, kuma akwai kuɗin takwararsu ta tarayya, UBEC, da kan yi shekaru a ajiye saboda wasu jihohi ba su kawo nasu kason ba.

Kafin gwamnati ta motsa, akwai abin da ke hannun unguwa. Makarantun gwamnati suna da kwamitin al'umma da ake kira SBMC, wanda ya haɗa mai unguwa da iyaye maza da mata da malamai. A zaman da za ku yi na gaba, ku tafi ƙaramin asibitin da ke kusa ku roƙi jami'in lafiya ya riƙa leƙo makarantar ko sau ɗaya a zango, ya duba ido da kunne da fata. Ku haɗa kuɗin randa biyu da buta da sabulu. Ku tambayi hedimasta ranar da za a raba maganin tsutsa da na tsargiya, ku sa a yi shela a masallaci kwana biyu kafin ranar. Ku yi yarjejeniya cewa duk yaron da aka yi kwana uku ba a gan shi ba, za a tura wani gidansu ya gano lafiya. Iyaye kuma, in ɗanku yana da sikila ko farfaɗiya ko asma, ko an yi rasuwa ko rabuwar aure a gida, ku taka da ƙafarku ku gaya wa malaminsa tun kafin a sami matsala.